Gilashi Mai Ɗaukar Ido

Ba ta juya ba. Ba ta ma da buƙatar juyawa.

Salanieta tana zaune a shagon Avinesh ta ba su baya, kwamfutarta a buɗe a kan tebur, fuskar a kashe. Baƙin gilashin nan mai sheƙi ya zame mata madubi, duk abin da ake yi a bayanta tana kallonsa tar. Avinesh ya sunkuya kan wata kwamfuta da ya kwance, Roshni kuma, yarinyar da ke tsare masa kanta, tana tsaye a kansa da ɗan kwanon alewar madara.

"Mama ce ta ce in kawo maka, Avi. Buɗe bakin mana, hannunka duk datti."

Ya buɗe, ko ɗagowa bai yi ba.

Roshni ta sa masa a baki, sannan ta ɗaga ido a hankali ta dubi gilashin. Suka haɗa ido da Sala a ciki. Ta yi murmushi, ta kai bakin gyalenta ta goge masa gefen leɓe.

Sala ta rufe kwamfutar da ƙarfin da sai da ya zabura.

"Sala, lafiya? Ai ban duba miki ba tukuna."

"Bar shi. Ka ci alewarka."

Ta ɗauki kwamfutar ta fice. Ya biyo ta har bakin titi yana kiran sunanta, yana tambayar me ya yi. Jirgin ƙasan dakon rake ya ratso tsakiyar garin Lautoka da ƙararsa, ta tsallake kafin ya tare hanya, shi kuma ya tsaya a wancan ɓangaren yana leƙenta ta tsakanin taragai har ta ɓace.

Ita wannan kwamfutar ma ita ce silar haɗuwarsu. Mahaifin Sala, Baba Ilaitia, yana da kwale-kwalen inji guda biyu masu kai mutane da kaya tsibiran Yasawa, ita ce kuma ke zama a rumfar bakin tashar jiragen ruwa tana rubuta fasinja, tana duba saƙon masu hasashen iska. Da tsohuwar kwamfutarsu ta mutu sai ta je shagon Avinesh. Ya ajiye mata guda biyu a gabanta, ɗaya fuskarta na walƙiya, launinta kamar a lasa, ɗayar kuwa dishi-dishi kamar an shafa mata toka.

Ya tambaye ta inda take aiki. Da ya ji bakin teku ne, sai ya tura mata marar sheƙin. Ya ce rana za ta dake ta daga sama, ruwa kuma ya maido mata da hasken daga ƙasa, mai sheƙin nan fuskarta kawai za ta riƙa gani a ciki.

"To, fuskar tawa ba abin kallo ba ce?" in ji ta.

Kunnuwansa suka yi ja. Ta ɗauki mai sheƙin ta tafi tana dariya, washegari ya zo tasha wai ya manta bai ba ta jakar kwamfutar ba. Daga nan kullum sai an sami abin da ya manta.

Maganarsa kuwa ba ta faɗi ƙasa ba. Da hantsi ya yi, gilashin sai ya koma farin sama da inuwar kanta. Ta juya teburin gabas, ta juya shi yamma, ta kare da kwali, ta ƙure hasken har batirin ya riƙa ƙarewa kafin tsakar rana. Idanunta suka riƙa ruwa, kanta yana sarawa. A ƙarshe dabara ɗaya ta samu: ta lulluɓa tawul a kanta har da kwamfutar, kamar mai sirace. Masu dako suna ta yi mata tsiya, amma ko sau ɗaya ba ta yarda ta gaya wa Avinesh ba. Gara ciwon kan da ta ji ya ce ai ya faɗa mata.

Soyayyar tasu ba mai goyon baya, don ba ƙabilarsu ɗaya ba, ba kuma addininsu ɗaya ba. Baba Ilaitia dattijon coci ne, ya ce shi ba ya ƙin yaron, amma jikokinsa a wane harshe za su yi addu'a? Mahaifiyar Avinesh kuwa, Anti Sarojini, ko sunan Sala ba ta kamawa, sai dai ta ce yarinyar tasha. Ita ta kawo Roshni shagon, 'yar ƙawarta ce, ta iya murza roti, ta san ranakun azumi da na biki. Avinesh kullum cewa yake Sala ta ƙara haƙuri, mamarsa tun rasuwar babansa shi kaɗai take kallo ta ji sanyi, a hankali zai shawo kanta.

A hankalin nan ne ya ishi Sala.

Bayan abin da ya faru a shago ya yi ta kira ba ta ɗauka. Ya aiko da saƙo, Sala tawa, zuciyata, ki gaya min laifina, ta karanta ta kife wayar. Tana so ya gane da kansa. Tana kuma tsoron kada ya gaji ya daina kiran.

Ana cikin haka ran nan da rana tsaka sai ga Roshni a tasha, ta sha kwalliya, jaka a kafaɗa. Ta ce Anti Sarojini ce ta aiko ta tambayar kuɗin kai baƙi tsibiri, 'yan'uwa za su zo daga waje. Ba a ba ta wurin zama ba ta zauna, ta zaro kwamfuta sabuwa fil ta buɗe a tsakiyar ranar nan. Rubutun ya fito raɗau, ko ƙifta ido ba ta yi.

Ta dubi tawul ɗin da ke kafaɗar Sala, ta dubi jajayen idanunta.

"Ayya, 'yar'uwa, haka kike fama? Ni Avi ne ya zaɓa min wannan. Ya ce marar sheƙi ta fi, na ce duk abin da ka ce. Sai ya yi dariya ya ce, ashe akwai mata masu jin magana."

Sala ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi, amma ta danne. Ta faɗa mata kuɗin jirgi a gajarce. Roshni ta miƙe tana gyara gyale, ta ce af, ta ga hotunan ranar Lahadi kuwa? A gidan Anti suka wuni, ta sa su a shafinta na intanet.

Tana ba da baya Sala ta ja tawul ta rufa.

Ga su nan. Roshni a kicin ɗin Anti Sarojini. Roshni tana zuba wa Avinesh miya. Anti ta dafa kan Roshni tana dariya, Avinesh a gefe da faranti a hannu, fuskarsa a sake, irin sakewar da Sala ta ɗauka ita kaɗai ta san ta. Gidan da ita ko ƙofarsa ba ta taɓa takawa ba. Ta buɗa hoton, ta matso da shi, ta koma na baya, ta sake dawowa. Gumi da hawaye suka haɗu suna ɗiga a kan madannai.

"Sala, fito daga kogon nan. Akwai wani labari kan iska?"

Yayanta ne, Apenisa, direban babban kwale-kwalen. Ya gama lodi, wata tsohuwa da jikokinta da buhunan fulawa za su koma tsibirin Waya. Sala ta yaye tawul da sauri don kada ya ga abin da take kallo, ta rufe shafin, ta buɗe wurin saƙonni. Rana ta daki gilashin. Abin da ta gani farin sama ne da kumburarriyar fuskarta. Da ta sake lulluɓa da ta gani, amma ba ta so ya tsaya a kanta ya ga idanunta.

"Babu komai, Yaya. Yadda yake da safe."

Ya ja mata kunne da wasa ya tafi.

Sai da girgije ya rufe rana, gilashin ya yi duhu, sannan ta ga saƙon. Ya daɗe da shigowa. Iska mai ƙarfi za ta taso da yamma, ƙananan jirage kada su fita.

Ta kira wayar Apenisa, ba ta shiga. Ta sake kira. Ruwan da ke kwance shuɗi ɗazu ya koma toka-toka, kumfa tana tashi a kansa, ita kanta rumfar tana kaɗawa. Kafin wani lokaci tasha ta cika. Baba Ilaitia ya iso da gudu, yana riƙe da bakin zanensa, ya tsaya a ƙarshen gadar tasha yana kallon teku. Mata suka fara waƙar coci ƙasa-ƙasa.

Ba ta san wanda ya gaya wa Avinesh ba, sai ganinsa ta yi a gefenta, rigarsa a jiƙe. Bai tambaye ta komai ba. Ya riƙa kiran masunta da ya sani ɗaya bayan ɗaya yana tambayar wa ke kusa da mashigar Waya, har ya sami wani mai babban jirgi da ya yarda ya juya.

Rana na gab da faɗuwa iskar ta lafa, aka hango su. Jirgin masunta ne a gaba, kwale-kwalen Baba a ɗaure a bayansa, babu inji, babu kaya. Igiyar ruwa ta cika shi, sai da suka zubar da komai. Tsohuwar ta ƙanƙame jikokinta tana rawar sanyi, Apenisa kuwa hannunsa ya karye, goshinsa a fashe. Amma kowa da ransa.

Sala ta durƙushe a wurin tana kuka.

Da aka tafi da su asibiti, Baba Ilaitia ya dawo rumfa. Ya ce Apenisa ya gaya masa an ce babu gargaɗi. Ya jawo kwamfutar ya buɗe. Ranar yamma ta leƙo ta ƙarƙashin girgije ta faɗa kan gilashin, ya karkata hagu, ya karkata dama, bai ga komai ba sai furfurarsa.

"Wa ya sayar mana da wannan abin?"

Kafin Sala ta buɗe baki, Avinesh ya matso gaba.

"Ni ne, Baba," in ji Avinesh.

Dattijon ya daɗe yana kallonsa. Ya ce wato ya san a bakin ruwa za a yi aiki da ita, ya san rayukan mutane ne, ya ba su madubi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya gode da jirgin da ya nemo, amma kada ya ƙara ganin ƙafarsa a tasha, kada kuma ya ƙara jin sunansa a bakin 'yarsa.

Avinesh ya sunkuyar da kai ya ce to. Ya dubi Sala sau ɗaya ya tafi.

Kallon nan ya hana ta sakat. Babu zargi a cikinsa, shi ya sa ya fi ciwo.

Washegari da safe ta sami Baba a tabarma yana shan shayi da dafaffen rogo. Ta zauna nesa kaɗan, ta tanƙwashe ƙafa, ta faɗa masa komai: yadda Avinesh ya hana ta ɗaukar mai sheƙin ta ƙi, yadda ta ɓoye masa wahalar da take sha, da abin da take kallo a lokacin da saƙon ya shigo. Ba ta rage ko ɗaya ba.

Baba ya ajiye kofin. Ya ce ashe ba rana ce ta rufe mata ido ba. Ya ce daga yau ta sauka daga teburin tasha sai ranar da ya ga dama, kuma za ta bi jirgi har Waya ta durƙusa gaban tsohuwar nan ta nemi gafara. Ta ce to. Can ya tambaya kamar mai magana da kansa, yaron nan ya san gaskiya ya tsaya ya sha zagi?

Ta gyaɗa kai tana share hawaye.

Sai da ta je Waya ta dawo sannan ta nufi shagon. Roshni na zaune a kantar shagon, ta ce Avi yana da aiki. Sala ta wuce ta kamar ba ta ji ba.

Ya rame. Ya miƙe da ya gan ta, ƙaramin sukundireba a hannunsa. Ta ce ta gaya wa Baba gaskiya, ta zo ta ba shi haƙuri, amma kafin nan tana da tambaya, kuma kada ya lallashe ta.

"Ka ce mata ashe akwai mata masu jin magana?"

Ya dubi ƙasa.

"Na faɗa."

Ta zaci zai musa.

Ya ce da wasa ya faɗa, amma ba zai yi mata ƙarya ba, ya ji daɗi da aka ɗauki shawararsa ba gardama. Ya ji daɗin zaman Lahadi ma, ganin mamarsa tana dariya. Ya bar abin yana tafiya don ya fi sauƙi, yana gaya wa kansa ai ba komai ba ne tunda zuciyarsa tana tasha. Sai ranar da ya gan ta a durƙushe a kan gada ya gane wadda ke biyan wannan sauƙin nasa.

"Kana sonta?"

"A'a."

"Ko kaɗan, Avi? Ka dube ni."

"Ko kaɗan, Sala tawa. Ke ce dai... ke da taurin kanki."

"To ni ba zan iya rabi-rabi ba. Ba zan zauna a bakin ruwa ina leƙen gidanku a hoto ba. In ni ce, mamarka ta ji daga bakinka. In ba ni ba ce, ka faɗa min yanzu in tafi in yi kukana."

Ya ajiye sukundireban, ya kama hannunta ya fito da ita gaban kanta. Ya ce wa Roshni ya gode da aikinta, kuma ta yafe masa in shirunsa ya sa ta sa rai, amma ga wadda zai aura. Roshni ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta ce ya fara gaya wa Anti tukuna su ji. Ya ce can za shi yanzu. Ta tattara jakarta, kuma Sala ta yi mamakin yadda tausayinta ya ɗan tsarga mata. Ba ta ƙara dawowa shagon ba, daga baya aka ji ta sami aiki a birnin Suva.

Anti Sarojini ta yi kuka, ta rufe kanta a ɗaki, ta daina yi masa magana. Ya ci gaba da kai mata cefane yana gaishe ta ta bayan ƙofa, amma bai janye ba.

Ranar da ya je wurin Baba Ilaitia, ya ɗaura zane irin nasu, ya cire takalmi tun daga waje, ya shiga a sunkuye da damin saiwar yangona a hannu biyu, irin wadda ake kai wa manya in za a yi roƙo a al'adarsu. Ya haddace kalmomin roƙo cikin harshensu, ya kwaɓa rabinsu, Apenisa da hannunsa a saƙale ya riƙa cije leɓe don kada dariya ta ƙwace masa. Baba bai yi dariya ba. Ya bar shi a durƙushe har gwiwoyinsa suka fara rawa, sannan ya miƙa hannu ya karɓi damin, ya tafa, alamar ya amince. Ya ce maganar addu'ar jikoki har yanzu tana damunsa, ba zai ɓoye ba. Amma mutumin da zai ɗauki laifin 'yarsa a kansa a gaban jama'a, ba zai rasa yadda zai yi da shi ba.

Aka sa rana bayan an gama yankan rake.

Ana jibi biki, gidan su Sala ya cika da mata, ana fere gwaza, maza suna haƙa ramin gasa nama a bayan gida. Daga ɓangaren ango ba wanda ya leƙo, Sala kuma ta riga ta haƙura da hakan. Tana tsakar gida ana yi mata kitso sai hayaniya ta ɗauke.

Anti Sarojini ce a bakin ƙofa, ita kaɗai, da ƙaramin kwanon tagulla a rufe.

Ta cire takalmi ta shigo, ta gaida manya a taƙaice. Ta tsaya gaban Sala tana kallonta, wannan ne karo na farko da ta dube ta ido da ido. Ta ce a gidansu ba a kai amarya sai an shafa mata kurkum, kuma ita ɗa ɗaya gare ta, ba za ta bari a ce matarsa ta shigo ba a yi mata ba.

Ta buɗe kwanon, ta lakato, ta tsaya da hannun a sama.

"Yaya ma ake faɗin sunan naki? Cikakken."

"Salanieta, Anti."

"Sa-la-ni-e-ta." Ta maimaita a hankali, tana shafa mata a kumatu. "To, Salanieta, daina kukan nan, kina wanke min aiki. Kuma ba Anti ba. Mama."